Daga Ƙaddara Zuwa Alhaki: Jigon Sakaci da Yara a Ƙagaggun Labaran Hausa

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun yi rubuce-rubuce da dama a kan jigogin aure da saki da kishi da auren dole a ƙagaggun labarai, musamman tun daga ƙarshen shekarun 1980 lokacin da littattafan soyayya suka yawaita a Kano. Galibi hankalin mai nazari yakan tsaya ne ga miji da mata, ko ga saurayi da budurwa, su kuwa yaran da rikicin ya rutsa da su sai a ambace su a wuce. Alhali kuwa a zahirin rayuwa yaro shi ne kan fi kowa daɗewa yana biyan bashin abin da manya suka aikata.

Wannan maƙala za ta dubi yadda aka kawo jigon sakaci da yara a littattafai huɗu: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na John Tafida da R. M. East, sai kuma Alhaki Kwikwiyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu. An zaɓi biyu daga littattafan farko na shekarun 1930, biyu kuma daga na shekarar 1990, domin a ga abin da ya sauya a cikin shekaru fiye da hamsin. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, an sami babban ci gaba wajen gano mai laifi, domin laifin ya tashi daga kan ƙaddara da baƙon mugu ya dawo kan uba a cikin gidansa, amma hanyar magance matsalar ba ta sami irin wannan ci gaba ba.

2.0 Ma'anar Sakaci da Yawansa

Abin da ake nufi da sakaci a nan shi ne gazawar wanda nauyin yaro ke kansa wajen ba shi ci da sha da sutura da muhalli da magani da ilimi da tarbiyya, alhali yana da halin yi, ko kuwa bai yi ƙoƙarin da ya kamata ba. Ya bambanta da cin zali irin na duka ko azabtarwa, domin shi sakaci laifi ne na barin aiki. Wannan ne ya sa yake da wuyar gani, yake kuma da wuyar kawowa cikin labari, saboda labari ya fi son abin da ya faru a kan abin da aka ƙi yi. Haka kuma ya bambanta da talauci tsantsa, ko da yake sau da yawa sukan haɗu a gida ɗaya.

Dangane da yawansa, alƙaluma sun isa shaida. Wani ƙiyasi na Gwamnatin Tarayya a shekarar 2010 ya nuna akwai almajirai kimanin miliyan 9.5 a Nijeriya, akasarinsu a jihohin Arewa. Asusun UNICEF ya yi ta maimaitawa a shekarun 2010 cewa yara kimanin miliyan 10.5 'yan shekara 5 zuwa 14 ba sa zuwa makaranta, sannan a 2022 Hukumar UNESCO ta kawo adadin kimanin miliyan 20 bayan ta haɗa da waɗanda shekarunsu suka kai na sakandare. Ba kowane almajiri ba ne aka yi sakaci da shi, domin tsarin tsangaya ya daɗe yana fitar da mahaddata da malamai. To amma yaron da aka kai wani gari ba guzuri, ba mai leƙa shi, ya dogara da ƙoƙon bara domin ci, babu shakka ya shiga cikin ma'anar da aka bayar a sama.

Al'ummar Hausawa tana da kalamai biyu da ke karo da juna a kan wannan batu. A gefe guda ana cewa ɗa na kowa ne, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A ɗaya gefen kuma ana cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, maganar da gaskiya ce a asalinta, amma ta zama mafakar wanda ya haifa ya ƙi ciyarwa. Tsakanin waɗannan kalamai biyu marubuci yake tsayawa.

3.0 Tushen Jigon a Adabin Baka

Tun kafin zuwan rubutaccen labari, tatsuniya ta san yaron da aka wulaƙanta. Marainiya da 'yar bora taurari ne da kowane ɗan Bahaushe ya sani tun a gindin kaka. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, alal misali, 'yar bora ce ake turawa doguwar tafiya mai haɗari a kan ƙaramin laifi, ta dawo da arziki saboda ladabinta, ita kuwa 'yar mowa ta bi sawunta ta dawo da abin kunya saboda rashin kunyarta.

Abubuwa uku ne ya kamata a lura da su a wannan zubi. Na farko, mai cutarwa kusan kullum mace ce, wato kishiyar uwa. Na biyu, uba yakan ɓace daga labarin, ko ya yi shiru, ba kuma a tuhumarsa da shirun. Na uku, ceto yakan zo ne daga wajen gida, ta hannun tsohuwa a bakin rafi ko aljani ko ɗan sarki, a matsayin ladar haƙuri. Darasin da yaro ke ɗauka shi ne ya jure. Babba kuwa ba ya ɗaukar darasin komai. Wannan gado shi ne rubutaccen labari ya tarar, kuma za a ga yadda ya yi ta fama da shi.

4.0 Littattafan Farko: Yaro a Hannun Ƙaddara

Shaihu Umar da Jiki Magayi suna cikin littattafan farko da Hukumar Talifi ta buga a Zariya bayan gasar da R. M. East ya shirya a 1933. Dukkansu biyu rayuwar yaro ce ƙashin bayan labarinsu.

4.1 Shaihu Umar

A wannan littafi da ya fito a 1934, Umar da kansa ne yake ba ɗalibansa tarihinsa a Rauta, bayan ya zama babban malami. Ya tashi maraya a Kagara, mahaifiyarsa ta auri Makau, makircin fada ya sa aka kori Makau daga gari. A daidai lokacin da uwar ta yi tafiya ta bar yaron a hannun amana ne aka sace shi. Daga nan ya yi ta sauya hannu har ya faɗa wa Balarabe Abdulkarim, wanda ya tafi da shi Ber Kufa ya riƙe shi kamar ɗansa, ya sa shi karatu. Uwar ta fita nemansa, ita ma aka bautar da ita, ba su sake haɗuwa ba sai dab da rasuwarta.

Marubucin bai ɗora wa uwar laifi ba, kuma da gaskiyarsa, domin wahalar da ta sha wajen neman ɗanta ita ce ɓangaren da ya fi taɓa zuciya a littafin. Mai laifi a nan shi ne zamani, wato zamanin hari da cinikin bayi, inda yaro haja ne mai farashi. Ƙarfin littafin shi ne ya nuna cewa tsaron yaro yana rataye ne da zaman lafiyar gida da adalcin fada, da zarar ɗaya ya karye sai yaro ya zube. Rauninsa ta fuskar wannan jigo kuwa yana cikin zubinsa. Da yake dattijo ne mai ba da labarin, wanda ya riga ya ga kyakkyawan ƙarshe, duk wata wahala ta yarinta sai ta zama matakala zuwa ga malanta. Mai karatu yakan rufe littafin da natsuwar cewa rabon Umar ne ya kai shi. Ba a bar masa tambayar sauran yaran ayarin da ba su gamu da Abdulkarim ba.

4.2 Jiki Magayi

A nan yaron, Kyauta, ya zo duniya ne a tsakiyar gabar maza biyu. Malam Shaihu, attajiri mai neman haihuwa, ya yi amfani da dukiyarsa ya aure Zainab wadda Abubakar ke so. Abubakar ya sha alwashin ramuwa, ya shiga duniya neman asiri, ya kuma zaɓi ya rama a kan ɗan maimakon uban. Asiri ya ci, Kyauta ya zama ɓarawo, har ya zama sanadin mutuwar mahaifinsa.

Littafin ya fi Shaihu Umar kusantar cikin gida, domin ya nuna cewa son zuciyar manya ne ya lalata yaron. Ga Malam Shaihu, Kyauta buri ne da dukiya ta saya. Ga Abubakar, makami ne. Babu wanda ya dube shi a matsayin mutum mai haƙƙin kansa. Sai dai shigo da asiri a matsayin sanadin lalacewar ya ɗauke nauyi daga kan tarbiyya. Idan sammu ne ya mai da yaro ɓarawo, to babu abin da uwa ko uba za su yi, babu kuma abin da za a tuhume su da shi. Wannan tunani yana nan da ransa a cikin al'umma, inda iyayen ɗan da ya kangare sukan fara neman wanda ya yi masa hannu kafin su dubi yadda suka riƙe shi.

5.0 Littattafan 1990: Laifi Ya Shigo Gida

Littattafan Balaraba Ramat Yakubu guda biyu sun fito ne a 1990, shekara huɗu bayan gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi, cefane ya yi tsada, riƙon gida ya zama abin magana a ko'ina. Marubuciyar tana cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama a Kano, kuma ta sha bayyana cewa ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tun tana ƙaramar yarinya.

5.1 Alhaki Kwikwiyo Ne

Rabi ta haifa wa Alhaji Abdu, ɗan kasuwa a Kano, 'ya'ya tara. Yana da halin riƙe su, amma abin da yake bayarwa na cefane ba ya isa, dukiyarsa kuwa tana tafiya wajen Delu, macen bariki wadda daga baya ya aura. Rikici ya tashi, ya saki Rabi, ta fita da 'ya'yanta, ta kama sana'ar sayar da abinci domin ta ciyar da su ta kuma riƙe karatunsu.

Muhimmancin wannan littafi ga jigon da ake nazari shi ne ya kawar da duk wata mafaka. Babu mahari, babu boka, babu fari ko yunwa. Ko talauci ma marubuciyar ta cire shi daga lissafi da ta sa uban ya zama mai hali. Abin da ya rage shi ne zaɓi: mutum ya ga 'ya'yansa ya ga sha'awarsa, ya zaɓi sha'awar. Har ila yau, ta nuna cewa sakacin ya fara tun kafin saki, a cikin gidan da daga waje ake ganin sa da rufin asiri. Salon da ta bi na lissafa ƙananan bukatun gida, kuɗin makaranta da sutura da abin miya, shi ne ya ba ta damar kawo laifin barin aiki a fili, domin ta mai da abin da ba a yi ba ya zama abin ƙirgawa. Ko da yake Delu ta gaji kujerar kishiyar uwa ta tatsuniya, wannan karon uban bai ɓace ba, sunansa ne ke kan alhakin da taken littafin ke magana a kai.

5.2 Wa Zai Auri Jahila?

A wannan littafi sakacin ya ɗauki wata kama. Mahaifin Abu ya cire ta daga makarantar boko, ɗan'uwanta Ahmadu da aka yi musu alkawari ya ƙi ta saboda rashin ilimi, sai aka aurar da ita dole ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta. Ta gudu birni wurin 'yar'uwarsu, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Uban Abu bai hana ta abinci ba, kuma a ganinsa kare ta yake yi. Da wannan marubuciyar ta faɗaɗa ma'anar sakaci, ta nuna cewa hana ilimi da sauke nauyin yarinya ta hanyar aurar da ita kafin lokaci suna cikinsa, ko da an yi su da sunan kiyaye mutunci. Bugu da ƙari, a nan ne aka bar yarinyar ta ji zafi a lokacin da abin ke faruwa, ta ƙi, ta yi motsi. 'Yar bora ta tatsuniya haƙuri ne ya cece ta, Abu kuwa ƙin haƙuri ne.

6.0 Hanyoyin Magancewa: Abin da Littattafan Suka Kawo da Abin da Suka Bari

Idan aka dubi yadda aka warware labaran huɗu, za a ga wani abu guda ya ratsa su. Umar ya tsira domin ya faɗa hannun ubangida nagari. Iyalin Rabi sun sami sauƙi domin 'yarta Saudatu ta auri attajiri, Alhaji Abubakar, shi kuwa Alhaji Abdu gobarar kasuwa ce ta durƙusar da shi, har aka matsa wa Rabi ta koma masa. Abu ta tsira domin tana da 'yar'uwa a birni mai buɗaɗɗen tunani. Kyauta bai sami kowa ba, ya halaka rayuwarsa. Ke nan ɗan sarkin tatsuniya bai mutu ba, riga kawai ya sauya. Gobara hukunci ce mai gamsar da mai karatu, amma ba hanya ba ce da wata Rabi za ta bi ta karɓo wa 'ya'yanta haƙƙinsu.

Abin lura shi ne al'ummar da aka rubuta wa littattafan tana da hanyoyin a hannunta. A fiƙihun Malikiyya da kotunan Musulunci na Arewa ke aiki da shi, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, ciyar da ɗa wajibi ne a kan uba har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta tare a gidan miji, kuma saki ba ya sauke wannan nauyi. Riƙon yara bayan rabuwa haƙƙin uwa ne tun farko, kuɗin riƙon kuma a kan uba. Alƙali yana da ikon yanka wa uba abin da zai riƙa bayarwa gwargwadon halinsa. Ta fuskar dokar ƙasa kuma, Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar 'Yancin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a shekarar 1991, ta kafa Dokar 'Yancin Yara a 2003, sannan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta. Jihohin Arewa da dama sun yi jinkirin karɓar dokar 2003, musamman saboda saɓani a kan shekarun aure, Jihar Kano ba ta sa hannu a tata dokar kare yara ba sai a 2023. A wannan shekara ce kuma aka kafa hukumar tarayya ta kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta.

Tarihin waɗannan matakai yana tabbatar da darasin Alhaki Kwikwiyo Ne. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, Sakkwato, aka gina irinta da dama a wasu jihohi, amma yara ba su bar titi ba. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi ta mayar da almajirai jihohinsu na asali cikin motoci. Duk matakan biyu yaron suka kama, ɗaya ya gina masa aji, ɗaya ya sauya masa wuri, ba wanda ya isa ga mutumin da ya sallame shi tun farko. Maganin da bai bi ta kan uba ba, ya tallafa masa idan gazawa ce, ya tilasta masa idan ganganci ne, ba zai daɗe ba.

Saboda haka akwai aiki uku a gaban adabi da manazartansa. Na farko, marubuta su gwada warware irin wannan labari ta hanyar da talaka zai iya bi, wato zauren mai unguwa da majalisar dangi da gaban alƙali, tare da nuna cikas ɗin da ke cikinsu na jinkiri da kunya da tsoron surutu. Na biyu, a ba yaro bakin magana, a ga gidan da titin ta idonsa yana yaro, musamman almajiri da 'yar talla da ɗan riƙo. Na uku, masu koyar da adabi a sakandare da jami'a su riƙa tambayar ɗalibai inda yara suke a kowane labarin aure da saki, ko da marubucin bai tsaya a kansu ba.

7.0 Kammalawa

An ga yadda jigon sakaci da yara ya taso daga tatsuniya, inda uba ba ya cikin tuhuma, ya bi ta Shaihu Umar da Jiki Magayi, inda zamani da asiri suka ɗauki laifin, har ya iso ga littattafan Balaraba Ramat Yakubu, inda aka kira mai laifi da sunansa a cikin gidansa. Wannan tafiya ba ƙarama ba ce, domin ba a maganin ciwon da ake ɗauka ƙaddara ce tsantsa. An kuma ga cewa ta fuskar warwara, littattafan huɗu duk sun dogara da sa'a, alhali shari'a da doka sun tanadi hanyoyin da ba su bukatar gobara ko attajirin suruki. 'Ya'yan Rabi tara ne, Saudatu ɗaya ce. Labarin sauran takwas, da na miliyoyin da alƙaluma suka ƙirga, shi ne giɓin da ya rage ga marubutan Hausa su cike.